Daga Kawo Zuwa Saminaka

An tashi taron da la'asar sakaliya,
taron masu sauraron rediyo, mu 'yan gaishe-gaishe.
Na fito da hular da aka raba, ta yi mini kaɗan,
da kati a ƙirji mai sunana da tuntuɓen alƙalami:
Tanimu Mai Alura. An cinye mini harafi ɗaya.

A tashar Kawo mota ta ƙi cika.
Kwandasta ya rantse saura mutum ɗaya,
ya shafe awa guda yana saura mutum ɗaya.
Hadari ya haɗo ta gabas.
Mu a ciki kowa ya kama bakinsa,
kowa da irin hular nan a cinya, yana rufe ta da hannu
kamar yaron da ya tsamo nama a miya.

Sai da muka wuce Maraban Jos wata ta ce,
"Direba, don Allah ɗaga gilas."
Kalma biyar. Na waiwaya.
Muryar nan na san ta kamar ƙarar keken ɗinkina,
shekara tara tana shigo mini shago daren Laraba:
ina gaida Tanimu, da fatan allura ba ta karye ba.
Na ce, "Barmani Mai Kunun Gyaɗa?"
Ta ce, "Wa ke kira?"
Na ɗaga kati.
Ta auna ni daga sama har ƙasa,
ta ce, "Ashe guntu ne kai! A rediyo ka fi haka tsawo."

Nan bakin kowa ya kwance.
Wancan siririn kamar karan dawa
wai shi ne Bulus Mai Faci na Lere,
wanda na ɗinka wa tumbi da gemu a zuciyata.
Mai niƙabin gefen taga, Asabe ce Ba Kya Fushi,
ga ta tana faɗa da kwandasta kan canjin naira hamsin.

Yaro ɗaya ne bai yi dariya ba.
Yana rungume da wani abu a tsumman atamfa.
Bulus ya ce, "Samari, kai wane ne a iska?"
Ya ce, "Ni ba kowa. Ilu.
Babana ne Ɗanjuma Ka Fi Agogo na Dutsen Wai.
Ya biya kuɗin taro tun kafin shuka,
bai ga fitowar masara ba.
Na zo ne kada kujerarsa ta zauna ita kaɗai."
Ya buɗe tsumman: rediyo ce, an ɗaure bayanta da roba,
eriya ta karye, an yi mata ƙari da wayar keke.

Ruwa ya sauko. Ba mai magana sai abin share gilas.

Barmani ce ta gyara murya,
ta kama hanci, ta kwaikwayi mai gabatarwa:
"Sai kati na gaba, daga mota mai yoyo a hanyar Pambeguwa,
masu gaisuwa su ne Barmani, da Bulus, da Asabe,
da wani guntun tela,
suna gaida Ɗanjuma a inda yake,
sun ce har yau ba a yi wanda ya riga shi aiko kati ba."
Muka ce amin, na masallaci da na coci,
har direba, da bai san shi ba.
Ilu ya kifa fuska a kan rediyon,
kafaɗunsa na rawa. Asabe ta miƙa masa masararta.

A Pambeguwa suka sauka, shi da Barmani.
Ta cusa mini gorar kunu ta taga,
ta ce, "Sha, ko ka ƙara tsawo."

Na iso Saminaka bayan isha, riga a jiƙe.
Daren Laraba na kunna tawa, na ci gaba da kalmasa.
Ga muryarta, daidai lokacinta.
Amma doguwar nan da na yi shekara tara ina ɗinkawa
ba ta zo ba.
Wata ce ta zo, mai wushirya, mai tabon ƙuna a wuyan hannu,
ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki
tana yi mini dariya.